Amsoshin Tambayoyinku: Me Ke Kayar da Ginin Majami'a?

Mai gabatarwa: Jama'a barkanmu da warhaka. Wasiƙun wannan mako kusan duk a kan magana ɗaya suka taru, wato ginin majami'u da abin da ke sa wasu su tsage, wasu su rufta. Muna tare da injiniyan gine-gine, da kuma wani dattijon magini da ya daɗe a sana'ar. Injiniya, Baba, sannunku da zuwa. Ga ta farko, daga wani dattijon ikilisiya a Kafanchan. Ya ce: "Gidajen da ke kewaye da coci da bulo ɗaya, siminti ɗaya aka gina su, kuma sau da yawa magini ɗaya ne. Me ya sa gidajen ke tsaye, coci ne ke faɗuwa?"

Injiniya: Dattijon Kafanchan ya yi tambaya mai kyau, kuma amsar tana cikin tambayarsa. Maginin ɗaya ne, amma ginin ba ɗaya ba ne. Ɗakin kwana faɗinsa mita 3 ko 4 ne, bango na riƙe da bango ta ko'ina. Majami'a kuwa fili ake so a buɗe, mita 15, 20, har 30, ba a son ginshiƙi ko ɗaya ya tare wa mutane ganin bagadi. To a lissafin gini, idan ka ninka tazarar da ke tsakanin ginshiƙai biyu, ƙarfin da ke neman lanƙwasa bim, wato dogon kankare ko ƙarfen da aka gicciya a kansu, ba sau biyu yake ƙaruwa ba, sau huɗu ne. Lotsawarsa kuwa, in ba a ƙara masa kauri ba, sau 16. Haka tsayi: siririn ginshiƙi, in ka ninka tsawonsa, nauyin da zai ɗauka kafin ya gantsare ya koma kashi ɗaya cikin huɗu.

Sai nauyin jama'a. Benen gida ana lissafa masa kilo 150 zuwa 200 a kowace murabba'in mita. Wurin taro kilo 400 zuwa 500 ake sa masa. Kuma mutanen coci ba zama kawai suke yi ba, ana waƙa, ana rawa, ana buga ƙafa a tare da kiɗa, wannan girgizar ma lissafinta daban. Wanda ya gina gida ɗari lafiya zai iya gina majami'a ɗaya ta kashe mutane, ba don mugunta ba, don abin da idonsa ya saba da shi ba ya aiki a nan.

Dubi abin da ya faru a Uyo, jihar Akwa Ibom, ranar 10 ga Disamba 2016. Ana cikin bikin naɗa bishop a cocin Reigners Bible, gwamnan jihar na lokacin, Udom Emmanuel, ma yana ciki, sai ƙarafan rufin suka rufto kan jama'a, gomman mutane suka mutu. Ginin bai kammala ba, an yi ta gaggawa ne don a cimma ranar biki. Babban rufin ƙarfe, kafin a ɗaure dukkan ƙarafan da ke giciye tsakanin wannan taras (haɗaɗɗun ƙarafan da ke ɗauke da kwano) da wancan, ba ya tsaye da ƙafarsa, tokara ce ke riƙe da shi. Ɗaya ya karkata, sauran su bi shi.

Mai gabatarwa: Ta biyu daga sakataren kwamitin gini na wata ikilisiya a Numan. Ya ce shekara 12 ke nan da suka gina cocinsu na ƙasa, yanzu jama'a ta ƙaru, suna so su ɗora bene a baya da gefe biyu. Magininsu ya ce fandishon zai ɗauka. Su ci gaba?

Injiniya: Kada su ci gaba tukuna. Da me maginin ya gani? Fandisho a binne yake. Wannan ita ce babbar hanyar da majami'u ke bi su faɗi: a zana gini don abu kaza, baiko ya ƙaru, jama'a ta ƙaru, sai a ɗora masa abin da ba a haife shi da shi ba. A Ikotun da ke Legas, ranar 12 ga Satumba 2014, masaukin baƙi na cocin Synagogue mai hawa shida ya rufta, mutum 116 suka mutu, fiye da 80 'yan Afirka ta Kudu ne. Ƙarin hawa ake ɗorawa a kan ginin, kuma binciken kotun da ke gano musabbabin mutuwa ya tabbatar a 2015 cewa ginin ba shi da izinin hukuma, kuma gazawar tsarinsa ce ta kayar da shi.

Bari in yi wa sakatare lissafi mai sauƙi. Kankare kowace kubik mita kilo 2,400 ce. Dakin, wato shimfiɗar kankaren bene, mai kaurin santimita 15, nauyin kansa kawai kilo 360 ne a murabba'in mita. Ka ɗora kilo 500 na nauyin jama'a, ka ƙara tayil da kujeru, ka kusa tan ɗaya. Bene mai mita 5 da mita 20 ya zama kusan tan 100 ke nan. A kan ginshiƙan da aka zuba don su riƙe kwano da katako za a ɗora wannan?

Abin yi shi ne a kira injiniyan tsarin gini mai rajista da COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniya a Najeriya, a nemi lambarsa a tabbatar. Zai sa a haƙa gefen fandisho a wuri uku ko huɗu, ya auna faɗinsa da zurfinsa. Zai fasa ɗan gefen ginshiƙi ya ga girman rodi da yawansa, ya gwada ƙarfin kankaren. A gwada ƙasa kuma, domin yankin Numan da sassan Gombe da Borno akwai baƙar lakar nan mai kumbura da damina, ta tsattsage da rani, tana ɗaga gini tana sauke shi kowace shekara. Sau da yawa maganin shi ne a ba benen nasa sababbin ginshiƙai da nasa fandisho, kada ya jingina da tsohon gini ko kaɗan. Sannan a kai zanen ga hukumar tsara birane ta jiha ta sa hannu. Wurin ibada ba ya cikin waɗanda aka ɗauke wa wannan.

Mai gabatarwa: Baba, wannan taka ce. Ma'ajiyar zumuntar mata daga Jos ta ce su suka tara kuɗin siminti da rodi, amma ba su san yadda za su gane ko ana ha'intarsu ba.

Magini: To, 'yata, ba sai kin yi karatun injiniya ba, ido da ƙirga kawai. Buhun siminti kilo 50 ne, kwanon sarki biyu ke nan. Kwaɓin da aka saba yi wa ginshiƙi da dakin shi ne ɗaya, biyu, huɗu: buhu ɗaya, yashi kwano huɗu, tsakuwa kwano takwas. In injiniya ya rubuta wanda ya fi wannan ƙarfi, nasa za a bi. Ki sa mutum ɗaya ya tsaya ba abin da zai yi sai ƙirga kwano. In kin ga buhu ɗaya na cin yashi baro biyu da tsakuwa baro uku, to siminti na bin wata hanya.

Ruwa kuma shi ne ɓarawon da ba a zargi. Leburori na son kwaɓi ya yi ruwa-ruwa don ya yi sauƙin ɗauka, amma buhu ɗaya bai kamata ya sha fiye da lita 25 zuwa 28 ba, jarka ɗaya da ɗan ƙari. In ya zama kamar kunu, ruwan zai bushe ya bar ramuka a ciki, ƙarfin ya tafi. Yashi kuwa, ki zuba shi a kwalba zuwa rabi, ki cika da ruwa da ɗan gishiri, ki girgiza, ki ajiye awa uku. Laka za ta kwanta a sama. In yashin ya kai santimita 10, lakar ta wuce milimita 8, a mayar da motar.

Rodi kada ki yarda da suna, ki yarda da sikeli. Mai lamba 12, wato kaurin milimita 12, tsawon mita 12, ya kamata ya yi kilo 10 da rabi da ɗoriya. Mai lamba 16 ya kusa kilo 19. Akwai wanda za a sayar miki da sunan 12 alhali bai kai ba. A lanƙwasa guda a gabanki, in ya tsage a gwiwa ko ya karye, ba na gini ba ne. Bulo ma haka. Mai inci 9 na kirki, buhu ɗaya bai wuce ya fitar da 30 zuwa 35 ba. Wanda aka fitar da 55 ko 60, da farce ma za ki kankare shi.

Injiniya: In ƙara a kan na Baba, a duba ɗaurin rodi kafin a zuba kankare, don bayan an zuba sai Allah. Inda rodi biyu suka haɗu, su haɗe da juna tsawon kaurinsu sau 50, wato mai lamba 16 ya hau ɗan'uwansa santimita 80. Zobban da ke ɗaure rodin ginshiƙi kada a ware su don tsimi, su ke hana rodin buɗewa in nauyi ya danna. A sa 'yan guntayen kankare a ƙarƙashin rodi su ɗaga shi daga katako, santimita 2 da rabi a dakin, 4 a ginshiƙi, 5 a fandisho. Kuskuren da ya fi ba ni tsoro a benen coci shi ne ɓangaren da ke fitowa gaba ba ginshiƙi a ƙarƙashinsa. Shi rodinsa a sama yake aiki, ba a ƙasa ba. Ranar zubi leburori su tattake shi ya koma ƙasa, ba wanda ya lura, to wannan benen ya riga ya karye, lokaci kawai yake jira.

Magini: Sai ban ruwa. Kwana 7 aƙalla, safe da yamma, a rufe da buhunan algarara masu jiƙe, balle da hunturu da iska ke shanye ruwa nan take. Kankare sai ya kwana 28 yake kai ƙarfin da aka lissafa masa. Tokarar dakin kada a taɓa ta kafin kwana 14, ta bim kwana 21, ta ɓangaren da ya fito gaba a bar ta 28. In ranar keɓe coci ta zo kafin haka, a ɗage bikin ko a kafa rumfa a waje. Fasto ba zai ji daɗi ba, amma siminti bai san an buga katin gayyata ba.

Mai gabatarwa: Wani mai sauraro daga Kumasi ya ce cocinsu shekara 9 ana gini, in kuɗi ya samu a ɗora, in ya ƙare a tsaya, kuma a ciki suke sujada. Akwai haɗari?

Injiniya: Akwai, kuma a ƙasarsa ma an gani. A Oktoban 2020 wani coci mai hawa da aka daɗe ana ginawa ba a kammala ba ya rufta a Akyem Batabi, yankin gabashin Ghana, mutum 22 suka mutu. Gini kaɗan-kaɗan ba laifi ba ne, haka ikilisiyoyi da yawa ke iyawa. Laifin shi ne a yi shi ba zane ɗaya. Kwamiti ya canza, magini ya canza, kowa ya zo da nasa ra'ayi, ba wanda ya san abin da ke cikin ginshiƙin da aka zuba shekara bakwai baya. A yi cikakken zane tun farko har hawan ƙarshe da ake buri, injiniya ya nuna inda za a iya tsayawa, a ajiye kwafi a ofishin ikilisiya, a ɗauki hoton kowane ɗaurin rodi kafin zubi. Rodin da aka bari tsirara a saman ginshiƙi a shafe shi da ruwan siminti a naɗe, domin tsatsa na cin kaurinsa, tana kuma kumbura ta fasa kankaren da ke kewaye. Kafin a ci gaba, a sassaƙe fuskar tsohon kankare, a wanke, sannan a zuba sabo. Kada a jibge bulo da yashi wuri guda a kan dakin, kuma ranar da ake aiki a sama, ko tokara na nan, ba sujada a ƙasa.

Mai gabatarwa: Gajeriya daga Biu: kowace farkon damina iska na yaye musu kwano.

Magini: Iska ba danna rufi take yi ba, ɗaga shi take. A zagaye saman bango duka da linta mai rodi, a binne ƙarfe a cikinta ya kama katakon rufi, ba a dogara da ƙusa kaɗai ba. A ƙara yawan ƙusa a gefuna da kusurwa, nan iska ke fara kamawa. A shafa wa katako maganin gara. Dogon bangon nan mai tsini na gaba da baya kuma a sa masa ginshiƙi kowace mita 3 zuwa 4.

Mai gabatarwa: Ta ƙarshe daga wani malami a Zariya. Ya ce shi Musulmi ne, amma maganar ta shafe shi, don a ranar 11 ga Agusta 2023 wani sashe na babban masallacin Zariya ya rufta ana sallar la'asar, kuma Mai Martaba Sarkin Zazzau ya bayyana cewa an ga tsaga tun kwana ɗaya kafin nan. Ya ce wace tsaga ce ta filasta, wace ce ta a gudu?

Injiniya: Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Malam, tsagar filasta siririya ce kamar gashi, tana yaɗuwa kamar saƙar gizo, ba ta ratsa bango. Wadda za a ji tsoro ita ce mai tafiya a karkace daga kusurwar taga ko ƙofa, ko mai bin bulo kamar matakala, wadda ake gani ciki da waje, ta kai milimita 3 zuwa 5. Wannan fandisho ne ke nutsewa. A bim, tsagar da ta tashi a karkace kusa da ginshiƙi ta fi ta tsakiya haɗari, don irinta ba ta ba da dogon gargaɗi. A ginshiƙi kuwa, ko wace iri ce, in kankare na ɓarewa ana ganin rodi ya gantsaro, a fitar da mutane a ranar. Haka in ƙofofi sun fara cijewa ba dalili, ko gari na zubowa daga sama, ko ana jin ƙara kamar ana karya kara, ko tsakiyar rufi ya lotsa.

In ana shakka, a liƙa ɗan siririn gilashi a kan tsagar da siminti, a rubuta kwanan wata a gefe, a ja layi da fensir a inda ta ƙare. Gilashin ya fashe, ko tsagar ta wuce layin, ginin na motsi ke nan. Kada a shafe ta da filasta a yi fenti, an rufe bakin mai ba da labari ne kawai. A kulle sashen, a kafa tokara daga ƙasa mai ƙarfi, a ɗora ta a kan faffaɗan katako don kada ta nutse, sannan a kira injiniya ya duba kafin kowa ya sake shiga.