Kafin Ka Zuba Dala Dubu 4 a Sikof, Saurari Wannan Hirar

Auta: Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Yau muna tare da Baffa da Yaya, kuma maganar da muka ɗauko ita ce ta madubin da ake ɗorawa kan bindigar gasa, wato sikof, irin na masu harbin nesa a nan Amurka. Masu sauraronmu na gida ku gane, wasa ne da ake yi a fili mai lasisi, farantin ƙarfe ake harbi daga yadi 600, 800, har 1000. Baffa, ni dai in na shiga shago lambar jawowa da ta fi girma nake kallo, in na ga 36 sai in ce wannan ya fi mai 25.

Baffa: Kayya Auta, ai nan ne ake cinye wa mutane kuɗi. Bari in ba ka labarin abin da ya same ni a Texas lokacin zafi. Na sayi wani sikof, ba zan faɗi kamfanin ba, yana jawo abu har ninki 40, na kwanta na murɗa shi ƙarshe ina duban farantin yadi 1000, wallahi ba abin da nake gani sai kawalwalniya, farantin yana rawa kamar an jefa shi cikin ruwa. Wani dattijo da ke kwance kusa da ni ya leƙo ya ce in rage zuwa 16 ko 18. Ina ragewa sai ga faranti ya tsaya cak. Iskar zafin da ke tashi daga ƙasa ce, duk yadda ka ƙara jawowa ita ma kana ƙara mata girma.

Yaya: Shi ya sa a gasar harbin nesa ta PRS yawancin harbin tsakanin ninki 12 zuwa 20 ake yin shi, duk da sikof ɗin ya kai 25 ko 35. Ga kuma lissafin haske, gilashin gaba milimita 56 ne, ka raba da 25, hasken da ke isa idonka bai wuce milimita 2 da ɗan ɗoriya ba, kanka ya goce kaɗan sai duhu ya rufe.

Auta: To in ba jawowa ba, me ake biyan kuɗin nan a kai? Don na ga Tangent Theta ta Kanada da Zero Compromise ta Ostiriya kuɗinsu ya isa mutum ya sayi tsohuwar mota.

Baffa: Gaskiyar murɗawa kake saya, shi ke nan. Ka ga ƙullin nan na sama da ake juyawa yana ƙas ƙas? Kowane ƙas ɗaya kashi ɗaya cikin goma na awon kusurwa da ake kira mil ne, wato santimita 1 a mita 100. In ka murɗa mil 10, dole harsashinka ya tashi mita ɗaya cif a mita 100, ba ƙari ba ragi. Ni wancan nawa da na gaji da kuskure sai na kafa dogon kwali a mita 100, na ja layi a tsaye da igiya mai dutse a ƙasa don kar ya karkace, na harba a gindi, na murɗa mil 10 na sake harbawa ina saita wuri guda. Na ɗauko tef na auna, santimita 96 na samu. A kusa ba za ka taɓa lura ba, amma bindiga mai harsashin 6.5 Creedmoor tana buƙatar wajen mil 8 zuwa 9 a yadi 1000, wannan ɗan gibin sai ya zama kusan santimita 30, ka ga ai faranti ya tsira. Wata biyu ina zargin harsashi, ina zargin iska, ina zargin hannuna, ashe abin yana cikin madubin.

Yaya: Kuma in ka dawo da shi sifili ya dawo daidai inda ya tashi, sau ɗari in ka yi. Masu kyau suna da makari a sifilin, ko da ido rufe ka juya zai tsaya.

Auta: Yaya, batun mil da MOA fa, wanne ya fi?

Yaya: Duk awon kusurwa ne, MOA ɗaya inci 1 da ɗan abu ne a yadi 100, mil ɗaya kuma inci 3.6. Ka bi yaren abokan harbinka kawai, in sun ce ƙara biyu hagu ka gane nan take, kuma a gasa mil ne ya yi rinjaye. Abin da ba na yarda da shi shi ne zanen ciki ya zama mil, ƙulli kuma MOA, wannan wahala ce tsagwaronta. Sannan ka nemi wanda zanensa ke girma tare da hoton, FFP suke ce masa, don awon layukan ya zama daidai a kowane ninki.

Baffa: Nan kam na yarda da kai. Inda muka saba shi ne Schmidt & Bender mai ƙera sikof, kai kana ganin zamaninta ya wuce.

Yaya: Ban ce ya wuce ba Baffa, PM II 5-25x56 ita ce uwa, Jamusawa sun yi aiki. Amma yau ga Nightforce ATACR, ga Kahles K525i, ga Leupold Mark 5HD da ba ta da nauyi, ga Vortex Razor ta uku mai 6-36 da kuɗinta bai kai na Tangent ba, kuma Vortex in ya lalace suna gyarawa ko su canza maka ba sai ka nuna rasit ba. Ga wanda ke tara kuɗinsa da gumi wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Baffa: Garanti yana da daɗi, amma ranar gasa in madubi ya ba ka kunya ba garantin da zai dawo maka da makinka. Ni dai ko wanne ka saya, kafin ka cire leda daga kwalinsa ka jefar, kai shi wajen dogon kwali.

Auta: Kaurin bututun sikof fa, milimita 34 da 30, an ce mai kauri ya fi haske.

Yaya: A'a, fili yake ba kayan ciki su motsa, sai ka samu murɗawa mai yawa sama. Kuma don Allah ka ware kuɗin zobban da za su riƙe shi, ka ɗaure da ma'aunin ƙarfin da kamfani ya rubuta, in ka matse fiye da kima sai ka danne bututun, ƙullin gefe na daidaita nisa ya fara cijewa.

Auta: To Baffa ranar Asabar zan zo da nawa mu auna.

Baffa: Ka zo da sassafe kafin rana ta ɗaga, kuma ka taho da tef mai santimita, nawa na inci ne ya rage.