Kwamfuresar jita mai araha da ke rina sauti: yadda za ka zaɓa

Masu kallo barkanmu da warhaka. Darasin yau na 'yan jita ne, musamman wanda yake son sayen fedar kwamfuresa, wato ɗan akwatin da ake jonawa tsakanin jita da amfilifaya ana taka shi da ƙafa, amma aljihun ba nauyi. Bari in raba maganar gida biyu tun yanzu don kada mu ɓata wa juna lokaci. Akwai kwamfuresar da aikinta kawai ta daidaita ƙarfin sauti ta koma gefe, ko an kunna ta ba za ka lura ba sai an kashe. Tana da amfaninta, amma ba ita ta tara mu ba. Tamu ta yau ita ce mai rina muryar jita, wadda da ka taka ta kowa zai ji an ƙara wani abu. Kuma abin daɗin, masu rinin nan su ne suka fi sauƙin kuɗi, don tsarinsu tsoho ne, kayan cikinsu ba yawa, kamfanoni kuma sun kwaikwaye su ba adadi. An ce araha ba ta ado. To, a wannan fannin dai tana yi.

Ga wanda bai taɓa amfani da ita ba, ga aikinta a taƙaice. Ɗauka wani ne zaune hannunsa a kan abin ƙara muryar rediyo, in ka daki tsirkiya da ƙarfi ya rage, in sautin ya fara mutuwa ya ƙara. Shi ke nan. Sakamakon, mai ƙarfi ya sauko, mai rauni ya hau, sautin kuma ya daɗe bai ɗauke ba. Rinin da muke nema yana fitowa ne daga yadda wannan hannun yake aiki: saurinsa wajen ragewa, jinkirinsa wajen saki, da abin da yake zubarwa a hanya.

Ku saurari jitar ita kaɗai tukuna, ba komai tsakaninta da amfilifaya.

(ya kaɗa jita)

Yanzu ga wannan jar.

(ya taka feda, ya maimaita kiɗan)

Kun ji wannan "tak" ɗin a farkon kowane sauti? Sannan sai ka ji kamar an matse shi, daga baya ya kumburo? Wannan ita ce Dyna Comp ta kamfanin MXR, tun shekarun 1970 take kasuwa, kuma har yau ana ƙera ta. Abin murɗawa biyu kacal gare ta, ɗaya an rubuta Output, ɗaya Sensitivity. Na asali an gina su ne a kan wani ɗan ayisi, wato ƙaramin guntun lantarki, mai suna CA3080. Ga abin da ke faruwa a ciki. Lokacin da ba ka kiɗa, fedar tana buɗe, ta ƙure ƙarin sautinta tana jira. Da ka daki tsirkiya, kafin ta farga ta rage, ɗan kan sautin ya riga ya wuce. Shi ne "tak" ɗin. Sai ta danne sauran, sannan ta rinƙa saki a hankali yayin da tsirkiyar ke lafawa. Bayan haka tana ɗan aske kaifin sama, wato siririn sauti, ƙasan ma, wato sauti mai kauri, ba ta barinsa da nauyinsa duka, sai tsakiyar ta fito gaba. In da injiniyan situdiyo za ka tambaya, zai ce maka duk waɗannan aibi ne. Amma aibin nan shi ne muryar da masu kiɗan salon kantiri na Nashville a Amurka suka yi suna da ita, kuma mai kiɗan fonk da ke son kowane kaɗi ya fito daidai da ɗan uwansa, nan yake zuwa.

Daga Dyna Comp aka samu Ross, mai launin toka, a ƙarshen shekarun 1970. Kusan tsari ɗaya ne, sai dai an gyara yadda wuta ke shiga, an tace ta sosai, sautin ya ɗan fi laushi da ɗumi. Tsofaffin Ross na asali sun zama kayan masu tarawa, kada ma ka tambayi kuɗinsu. Amma ba ka buƙatar na asali. Yawancin kwamfuresocin jita da ake yayi, daga masu tsada irin Keeley da Xotic SP har zuwa masu araha irin Joyo JF-10, daga wannan gidan suka fito. Behringer ma ta fitar da DC9 wadda ta bi sawun Dyna Comp. Shi ya sa nake cewa kada ka fara da tambayar wane kamfani. Fara da tambayar wane gida tsarin ya fito. In ka san gidan, ka san kashi mafi yawa na muryar tun kafin ka jona waya.

Wani abu da ke rikita mutane a wannan gidan, bari in tsaya a kansa. Da yawa daga cikin masu bin tsarin Ross suna da abin murɗawa na uku da aka rubuta wa Attack. Kana ganinsa za ka ɗauka saurin kamun sautin yake canzawa. A gaskiya, a yawancinsu, saurin sakin yake taɓawa, wato tsawon lokacin da fedar ke ɗauka kafin ta sake buɗewa bayan ta danne. Ku ji. In na sa ta saki a hankali, na yi kiɗa mai sauri, sautin farko ne kawai ke samun "tak", na bayansa duk sun tarar da ita a danne.

(ya kaɗa da sauri)

In na sa ta saki da wuri kuwa, kowane sauti yana tarar da ita a buɗe, kowanne ya samu kansa.

(ya murɗa, ya maimaita)

Kun ga bambancin. Don haka in kana gwadawa, kada ka daki tsirkiya ɗaya ka tsaya kana saurare, ba za ka ji komai ba. Yi kiɗa mai gudu, a nan abin yake nuna kansa.

Gida na biyu shi ne na haske. A cikin fedar akwai ɗan ƙwan fitila yana fuskantar wani abu da ke canza juriyarsa ga wuta gwargwadon hasken da ya same shi. Ka daki tsirkiya, fitilar ta haska, sautin ya ragu. Shi wannan abin ba ya komawa yadda yake nan take in hasken ya ɗauke, a hankali yake komawa, kuma wannan nawar tasa ita ce ke ba da santsi. Dabarar tsohuwa ce, ita ce a cikin LA-2A, na'urar situdiyo ta shekarun 1960 da har yanzu ake ji da ita. A fedodi, wadda ta yi fice ita ce rawayar nan ta kamfanin Diamond, sai Mooer ta fitar da ƙaramar mai araha a kan salonta, Yellow Comp. Ga ta nan.

(ya taka feda, ya kaɗa)

Babu "tak" mai ƙarfi irin na ɗazu. Sautin ya yi kauri, ya cika, kamar an riga an ɗauke shi a situdiyo an gyara. Abin da na fi so a nan shi ne abin murɗawar da aka rubuta wa EQ. Ba rage kaifi kawai yake yi ba, karkata sautin yake: ka murɗa gefe ɗaya sama ta hau ƙasa ta sauka, ka murɗa ɗaya gefen ya juya. Ga mai jitar da muryarta ta cika duhu, wannan kaɗai ya biya kuɗin fedar. In aka ce in zaɓar wa wanda bai taɓa mallakar kwamfuresa ba, kuma yawancin kiɗansa kaɗa tsirkiyoyi ne gaba ɗaya yana raka waƙa, wannan gidan zan tura shi. Wuya ne ka saita ta ta yi muni.

Akwai kuma Orange Squeezer ta Dan Armstrong, ita ma 'yar shekarun 1970. Ta asali ba ma a ƙasa ake ajiye ta ba, ɗan akwati ne da ake soka shi kai tsaye a jikin jita. Da taransista nau'in JFET take rage sauti, matsinta bai kai na Dyna Comp ba, amma tana da wani ɗan ƙaiƙayi a murya, ɗan datti mai daɗi in ka daki tsirkiya da ƙarfi. Kayan cikinta kaɗan ne ƙwarai, shi ya sa masu haɗa feda da hannunsu suke yawan farawa da ita. In ka iya riƙe abin like waya da dalma, wannan ita ce hanya mafi araha duka.

Sai Boss CS-3, shuɗiyar nan. Tun 1986 ake yin ta, saboda haka ta hannu ba ta wuyar samu, kuma jikinta ƙarfe ne mai jure taku. Abin murɗawa huɗu: Level, Tone, Attack, Sustain. Matsinta mai ƙarfi ne, tana iya shafe bambancin kaɗi mai ƙarfi da mai taushi gaba ɗaya. Mutane suna yawan kuka da ita wai tana da hayaniya. Ni dai abin da na lura, yawancin masu kukan sun ƙure Sustain ne, wato abin murɗawar da ke ƙara matsi. Tsaya ƙasa da rabi ka ji. Behringer CS400 salonta ta bi, jikin roba ne, in a ɗaki kake kiɗa ba matsala, in kuwa kana yawo da ita wurin wasa, sai ka yi hattara da takunka.

Tunda maganar hayaniya ta taso, bari mu gama da ita. Kowace kwamfuresa, mai tsada da mai araha, tana ɗaga abin da yake ƙasa. Ƙugin da fikof mai naɗi ɗaya (fikof shi ne abin da ke ɗaukar sautin tsirkiya a jikin jita) ke kwasowa daga wutar gida, shuuu ɗin waya mara kyau, kukan adafta, duk a ƙasa suke, duk za ta ɗago su da ka daina kiɗa. Sau da yawa fedar ba ita ta kawo hayaniyar ba, tona asirinta kawai ta yi. Kafin ka yanke mata hukunci, sa mata batir sabo ka saurara. In ta yi shiru, adaftarka ce mai laifi. Yawancin fedodin nan bolt 9 suke ci, kuma tsakiyar bakin adaftar ne nagatif, duba alamar da ke jikinta kafin ka jona, don in ka juya wutar kana iya ƙona ta. Kuma kada ka haɗa ta a waya ɗaya da fedodin dijital, su ne suka fi zubo mata ƙazanta.

Yanzu yadda za ka gwada kafin ka biya, kuma wannan ya fi duk sunayen da na lissafa muhimmanci. Kunnen ɗan Adam yana da rauni guda: duk abin da ya fi ƙara, sai ya ce shi ya fi daɗi. Ka taka feda sautin ya ɗan hau, nan take ka ji kamar an sauya maka jita. Ba rini ka ji ba, ƙara ka ji. Don haka fara da Level ko Output, daidaita shi har ƙarfin sautin ya zama ɗaya ko fedar na kunne ko tana kashe. Amfilifaya kuma a bar ta tsaf, ba datti. Sai ka rinƙa takawa kana kashewa kana kiɗa abu ɗaya. Abin da ya rage bayan ka cire yaudarar ƙara, shi ne ainihin muryar fedar. In ka so shi, saya. In ba ka ji komai ba, to ba ita kake nema ba.

Kuma ka gwada da jitarka, ba ta mai sayarwa ba. Gidan Dyna Comp da Ross sun fi jituwa da fikof mai naɗi ɗaya, irin na jitar Telecaster da Stratocaster, don kaifinsu yana da yawa, ko an aske kaɗan akwai saura. Fikof mai naɗi biyu, irin na Les Paul, sautinsa ya fi ƙarfi kuma ya fi duhu, yana shiga fedar ta danne shi fiye da kima, sai ka ji muryar ta dushe. Maganinsa ka rage Sustain ko Sensitivity, ko ka ɗan rage ƙarar daga jikin jitar, ko ka koma gidan haske mai EQ. Mai jitar bes kuwa, Dyna Comp ta jita ba taka ba ce, za ta cinye maka ƙasan da kake taƙama da shi.

Wani zai tambaya, ya batun Blend, abin murɗawar nan da ke gauraya sautin asali da wanda aka matse? Yana kan Keeley Compressor Plus da Xotic SP, kuma yana da kyau ga mai son matsi ba tare da an taɓa masa kan sauti ba. Amma ka lura da abin da yake yi: tsarma rinin yake. In rinin kake so tun farko, ban ga dalilin ƙara kuɗi don sayen abin da zai rage shi ba. Ra'ayina ke nan, na san akwai waɗanda ba za su yarda ba.

In ta hannu za ka saya, murɗa kowane abin murɗawa daga farko har ƙarshe kana saurare ko zai yi ƙaraf-ƙaraf, girgiza wayar a bakin shiga da na fita, taka makunnin sau da yawa ka tabbatar yana kamawa kowane lokaci, sannan buɗe gidan batir ka duba ko wani tsoho ya taɓa zubewa a ciki.

Wurin ajiye ta a jeri, sa ta a farko, kafin fedar datti, wato mai sa sauti ya yi kaushi, irin obadiraib. A nan take samun sautin jita tsantsa, kuma ba ta ɗago hayaniyar sauran fedodin ba. Wasu suna sa ta bayan obadiraib don ƙarfin sautin ya tsaya wuri ɗaya ko sun rage ƙarar jita, hakan ma yana aiki, sai dai shuuu ɗin zai ƙaru. Bari in jona muku duka biyun ku ji da kunnenku. Ga ta a gaba tukuna.

(ya kaɗa jita)

Ga ta kuma a baya. Ku kasa kunne daidai lokacin da na ɗauke hannu daga tsirkiya.

(ya kaɗa, ya tsaya)