Yadda Ake Karanta Zanen da ke Jikin Tsofaffin Bindigogin Farauta

Assalamu alaikum warahmatullah. Iyayena maharba, 'yan uwana maƙera, da ku ɗalibai, sannunku da zuwa. Wannan bindiga mai baki biyu da ke kan tebur na buɗe ta, kun ga ramukanta babu harsashi. Haka ake farawa kullum, ko da bindigar ta shekara hamsin a rataye.

Duk wanda ya taɓa cinikin babbar riga a cikinku ya riga ya san rabin abin da zan faɗa. Ba ka tambayar mai riga ko aikin hannu ne ko na keke, juya ta kake yi ka duba bayan aska. To ita ma bindiga haka take. Sunan da aka rubuta a tsakanin bututun biyu kowa na iya rubuta shi, amma hannun da ya sassaƙa ƙarfen ba ya ɓoye garinsu.

Mu fara da Landan, domin can ne sauran suka riƙa kwaikwayo. Kamfanin Purdey, wanda aka kafa a 1814, ya yi suna da wani zane mai ƙanƙanta ƙwarai: dunƙulen furen wardi nan da can, kewaye da murɗe-murɗe sirara kamar yaɗon kabewa. Ana danganta shi da James Lucas, wanda ya yi wa gidan aiki tun shekarun 1850. Daga nesa sai ka ga kamar ƙarfen ya yi hazo ne kawai, sai ka matso kake ganin kowace murɗa da ganyenta. Kamfanin Boss ma yana da irin wannan furen, kuma iyalin Sumner ne suka daɗe suna yi masa. Holland & Holland kuwa, a samfurinsu mai suna Royal da ya fito a shekarun 1880, sun koma ga ganye manya-manya masu fāɗi, wanda ko daga ƙofar ɗaki za ka hango. Ni dai a wurina ƙaramin zanen nan na Purdey ya fi wuya, domin babu inda mai sassaƙa zai ɓoye kuskurensa. Murɗa ɗaya ta karkace, duk filin ya nuna.

Birmingham ita ce garin yawa. A can aka ƙirƙiro tsarin injin harbi na Anson da Deeley a 1875, a kamfanin Westley Richards, wanda ya sa bindiga mai baki biyu ta yi sauƙin ƙira. Irin waɗannan sau da yawa layi ne kawai a gefe da 'yar murɗa kewaye da kan sukurori. Kada ku raina su. Yawan zane farashi yake nunawa, ba lallai ingancin ƙarfe ba.

In ka ga an haƙa ƙarfe da zurfi har dabba ta taso kana jin ta da yatsa, ga ganyen itacen ok da 'ya'yansa, ga barewar Turai mai ƙaho rassa-rassa ko aladen daji, to ka nufi Suhl a Jamus, gidan Sauer da Merkel, ko Ferlach a Ostiriya. In kuwa hoton ya yi laushi kamar na jikin takardar kuɗi, da inuwa da haske, alhali yatsa ba ya jin tudu, wannan aikin Italiya ne da suke kira bulino, daga kwarin Val Trompia kusa da Brescia. Dubban ɗigo da 'yan layuka ne ake yi da tsinin ƙarfe a tura da hannu, ba guduma. Firmo Fracassi na cikin gwanayensa. Amma ku riƙe wannan: salon ya bunƙasa ne bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Wanda ya nuna maka irin wannan hoto a bindigar da ya ce ta 1890 ce, to daga baya aka ƙara shi.

Yanzu ga inda nake so ku ba ni hankalinku, wato Liyej ta Beljiyam. Garin nan yana da gwanaye na gaske, kamar Felix Funken da ya jagoranci masu zane a masana'antar FN, inda aka daɗe ana ƙera bindigogin Browning. Amma garin ya kuma fitar da bindigogi masu araha ba iyaka, ana sa musu sunaye masu kama da na Ingila. Sananne a ciki shi ne "W. Richards", don mai saye ya ɗauka Westley Richards ce. Maganin wannan ba ya wuce minti biyu. Cire katakon gaba, ka raba bututu da jikin bindiga, ka juya shi. A ƙarƙashi akwai hatimin gidan gwaji, inda hukuma ta harba bindigar kafin a sayar. Haruffan ELG a cikin da'ira mai siffar ƙwai, Liyej ke nan, kuma in da kambi a samansa, daga 1893 zuwa sama ne. Gidan gwaji na Birmingham tun 1813 yake aiki. In ka ga an buga "NOT FOR BALL", bindigar Ingila ce da aka gwada tsakanin 1875 da 1887. Haruffan BNP kuwa, hatimin gidan gwajin Birmingham, daga 1954 suka fara. Sai ka haɗa ukun, suna da zane da hatimi. In suka saɓa, hatimi ake bi.

A Amurka, kamfanin Parker na garin Meriden ya jera bindigoginsa daraja-daraja da haruffa, kuma yana buga lambar darajar kusa da lambar bindigar. Darajar D, mai karnukan farauta a gefe, lambarta 3. Ana samun masu ɗaukar ƙaramar daraja su cika ta da zane don ta yi tsada, shi ya sa ake komawa ga lambar da kundin masana'anta.

Malam daga baya yana tambaya, ta yaya za a bambance hannu da inji? Madalla da tambaya. Nemi gilashin ƙara girma mai ninki goma. Wanda ya yi aiki da guduma da kurfi, a cikin lanƙwasar layinsa za ka ga 'yan matakala ƙanana, kowane bugu da sawunsa. Layin yana farawa siriri, ya yi kauri, ya sake sirancewa, kuma cikinsa yana walƙiya in ka juya shi a haske. Wanda aka danna da inji zurfinsa ɗaya ne tun daga farko har ƙarshe, ƙarfen ma ya ɗan kumbura a gefe saboda ture shi aka yi, ba yanka ba. Na ruwan asid da na leza gindin layinsu garas-garas yake, babu sheƙi. Sannan ka kwatanta dama da hagu. In sun yi daidai ɗigo da ɗigo, ba ɗan Adam ya yi ba.

Wannan zane-zanen kamar igiyar ruwa da kuke gani a wasu tsofaffin bututu, ba sassaƙa ba ce. Ƙarfe iri biyu aka murɗa aka naɗe aka haɗa a wuta, ana kiransa Damaskas. Yawancinsu don baƙin albarushi aka yi su, don haka kada kowa ya sa musu harsashin zamani sai ƙwararre ya auna.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne gyara. An taɓa kawo mini bindigar gado, mai ita ya sa an bi ta da sanfefa har tana ƙyalli, yana murna ya kawar da tsatsa. Furannin sun shafe, gefunan da ya kamata su yi kaifi sun zama dunƙule, launin shuɗi da ruwan ƙasa da ake samu ta hanyar gasa ƙarfe cikin gawayin ƙashi ya tafi. Aikin makonni ya salwanta a yini guda, kuma ba ya dawowa. Don Allah, mai kaɗan da tsumma mai laushi sun isa. In datti ya cika layukan, tsohon buroshin haƙori zai fitar da shi.

Yanzu sai ku taso biyar-biyar, iyayenmu su fara. Ga gilashi nan, ga bututun na juya shi. Kowa ya fara gaya mini hatimin da ya gani kafin ya karanta sunan da ke sama.