Yau na ga kilomita a kan titin Amurka

Jama'a assalamu alaikum, ku dubi allon can mai launin kore da kyau, kun ga abin da aka rubuta? km ne wallahi, kilomita! A Amurka fa nake, jihar Arizona, wannan ita ce hanyar Interstate 19 da ta taso daga Tucson ta gangaro har Nogales bakin iyakar Meziko, tsawonta kilomita ɗari da 'yan kai. Ina ganin allon nan sai na ji wani sanyi a raina kamar na ga ɗan uwa, don tun da na zo ƙasar nan komai mil ne, komai ƙafa ne da inci, kullum kai na cikin lissafi.

Su ma fa sun taɓa yunƙurin komawa mita. A 1975 shugaba Gerald Ford ya sa hannu a dokar, amma aka ce ba dole ba ne, to kun san abin da ba dole, kowa ya ci gaba da harkarsa, sai wannan hanyar ta rage da allunanta. Ita ma ku lura, nisa ne kawai a kilomita, allon iyakar gudu a mil yake. Kar ka ga 65 ka ɗauka kilomita ne, wajen 105 ke nan a awa.

Ni abin da ke ci min rai da awonsu ba ya tafiya goma-goma. Inci 12 ƙafa ɗaya, ƙafa 3 yadi ɗaya, sai kuma kwatsam mil ɗaya ƙafa 5,280, haba don Allah wa zai riƙe wannan? Mu da muka tashi da mita ai ɗigo kawai za ka matsar, santimita 100 mita ɗaya, mita 1,000 kilomita ɗaya, an gama. Kuma abin da yawancinsu ba su sani ba, incin nasu ma da mita ake auna shi, tun 1959 aka tsayar cewa inci ɗaya santimita 2.54 ne cif, yadi kuma mita 0.9144. Na gaya wa wani abokin aikina haka sai da ya buɗe waya ya duba, ya yi shiru.

Yanzu kam ba alfahari ba, a ka nake yin lissafin. Mil 5 kilomita 8, shi ke nan, mil 50 kilomita 80, idan kana son daidai mil ɗaya 1.609 ne. Ƙafa ɗaya santimita 30.48, ka ɗauke ta 30 kawai in ba yankan katako za ka yi ba.

Af, katako ma. In ka je sayen wanda suke kira biyu-da-huɗu, sa tef ka auna, inci ɗaya da rabi ne da uku da rabi, sunan na kafin a busar da shi a goge ne. Duk wanda ya yi lissafin kanta ko gado da sunan nan aikinsa ba zai haɗu ba.

Sannan tsayin mutum, ku masu shirin zuwa ku saurara. In aka ce ƙafa 5 da inci 6, kar ka danna 5.6 a kalkuleta, 5.5 ne, saboda 6 rabin 12 ne. Ka mayar da komai inci tukuna, 66, ka ninka da 2.54, ka samu wajen santimita 168.

Masu taɓa mota kuma, sifana mai rabin inci milimita 12.7 ce, ba 13 ba. Ta 13 za ta shiga kan notin kamar ta zauna, kana matsa mata da ƙarfi ta cinye gefensa, daga nan sai kuka. Ni dai na rufe ido na kashe daloli na sayi jeri biyu, na inci daban na milimita daban, kuma ban yarda a haɗa min su a akwati ɗaya ba.