Murya Ta Daina Zama Shaida

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da war haka.

Tun da kamfanin OpenAI ya saki ChatGPT, manhajar ƙirƙirarriyar basira (AI) da ke hira da mutum, a ƙarshen Nuwamban 2022, ba a huta da tarukan ƙara wa juna sani kan makomar ɗan Adam ba. Mu ma nan Katsina ba a bar mu a baya ba. A cika zauren taro, a haska hoton mutum-mutumi a bango, a ce nan gaba shi zai yi noma, shi zai duba marar lafiya, za a dasa wa mutum 'yar na'ura a ƙwaƙwalwa kamar yadda kamfanin Neuralink ya fara a Amurka a Janairun 2024, wasu ma za su tare a duniyar Mars. A tafa, a sha lemo, a watse. Abin haushin shi ne, ana ta hangen shekara hamsin masu zuwa, alhali canjin da zai fara taɓa mu yana cikin aljihun kowa, kuma ba wanda ya ɗauki lasifika ya faɗa wa mutanen gari. Canjin kuwa shi ne, muryar mutum ta daina zama shaidar cewa shi ne ya yi magana.

A duba yadda muke rayuwa. Mu mutanen baki ne da kunne. Dattijon da ba ya karatun boko yana da WhatsApp, kuma da saƙon murya yake komai. Dillalin hatsi a Dandume da murya yake cewa a ɗora wa wane buhu hamsin. Mai shanu a kasuwar Mai'aduwa da murya yake cewa a ba yaronsa kuɗin bijimi. Sanarwar rasuwa, gayyatar ɗaurin aure, fatawar malami, duk murya ce. Hujjarmu guda ce tun kaka da kakanni: “Ai na ji muryarsa da kunnena.” To wannan hujjar ce ƙirƙirarriyar basira ta rushe.

Ga yadda ake yi, don kada a ɗauka tsafi ne. Ɓarawo yana fara neman samfurin muryarka, kuma ba ya shan wahala: saƙonnin da ka jefa a zauren WhatsApp na unguwa, bidiyon TikTok, jawabin walima, karatun da aka naɗa. Ya tace hayaniyar baya, ya loda a manhaja. A Janairun 2023 masu bincike na kamfanin Microsoft suka nuna wata fasaha mai suna VALL-E da ke kwaikwayon mutum daga naɗin sakan uku kacal. Manhajojin da ake biya a intanet kuwa, minti ɗaya ko biyu na magana mai tsabta ya ishe su. Daga nan hanya biyu ce. Ko dai ya rubuta abin da yake so na'ura ta karanta da muryarka, ko kuma shi da kansa ya yi maganar, na'ura ta tuɓe muryarsa ta sanya mata taka kamar riga.

A riƙe wannan hanya ta biyu da kyau, domin ita ce amsar masu cewa, “Haba, ai na'ura ba ta iya Hausa ba.” Gaskiya ne idan aka ba ta rubutu tana tuntuɓe. Takan kasa bambance gari na zama da garin tuwo, ta murƙushe ƙ da ɗ, ta ce “tafi” inda Bakatsine zai ce “tahi”. Amma wa ya ce sai ta iya Hausa? Idan ɓarawon ɗan gari ne, shi zai kawo Hausar, da karin harshen, da “ranka ya daɗe” a inda ya dace. Aikin na'ura kawai ta ba shi amon maƙogwaronka. Kuma ita kanta tuntuɓen raguwa yake yi. Google ya sa Hausa a manhajarsa ta fassara tun 2013, kamfanin Meta kuma ya fitar da fasahar magana ta harsuna fiye da 1,100 a 2023, har da Hausa. Mai jiran rashin iya Hausar na'ura ya kare shi, ya jingina da zana.

Saura kuma a ɓoye ɗinkin. Nan ma kayan aikinmu ne ke taimaka wa ɓarawo. Layin waya na gargajiya zangon sauti kaɗan yake ɗaukowa, daga kusan 300 zuwa 3,400 a ma'aunin Hertz, saƙon murya kuma matse shi ake yi kafin ya tafi. 'Yan kurakuran da kunne zai iya kamawa duk sun narke a nan. A ƙara ƙarar babur a baya, a ƙara shessheƙar kuka, a sa maganar ta riƙa yankewa. Wa zai yi mamakin yankewar layi a ƙasar nan?

Yanzu a ɗauka ƙarfe goma sha ɗaya na dare ne, wayar wata uwa a Ƙofar Sauri ta yi ƙara. Baƙuwar lamba. Muryar ɗanta ce da ke karatu a Dutsin-Ma: “Umma, ni ne, mun yi hatsari, wayata ta fashe, wannan ta wani bawan Allah ce. Sun ce sai an ajiye dubu tamanin kafin su taɓa ni. Don Allah kar ki gaya wa Baba yanzu.” A jihar da mutane suka sha karɓar kiran masu garkuwa na gaske, wace uwa ce za ta tsaya nazarin sauti? Mayafi za ta ja ta nufi mai POS. Kafin ta dawo gida kuɗin sun shiga wani asusu, sun fita, sun rabu gida uku.

Kada wani ya ce sai marar ilimi ake yi wa haka. A farkon 2024, a Hong Kong, ma'aikacin kuɗi na wani babban kamfanin injiniyoyi na Birtaniya ya shiga taron bidiyo, ya ga fuskar shugabansa da ta abokan aikinsa, ya ji muryoyinsu, ya tura kimanin dala miliyan 25. Duk waɗanda ya gani na bogi ne. A watan Janairun shekarar, an yi ta kiran masu zaɓe a jihar New Hampshire ta Amurka da muryar shugaban ƙasar na lokacin, Joe Biden, ta jabu ana ce musu kada su fita zaɓen fid da gwani. Mun taso ana cewa gani ya kori ji. To yau shi ma ganin an kore shi.

Akwai masu cewa gwamnati ta haramta abin baki ɗaya. Ta haramta me? Manhajar da ke zaune a kwamfutar wata ƙasa, wadda wasu ire-irenta kyauta ake sauke su? Dokar laifukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ta riga ta haramta sojan gona da damfara. Doka tana aiki ne bayan an yi ɓarna. Tsakanin ƙarar waya da tura kuɗi minti goma ne, kuma a cikin minti goman nan babu ɗan sanda, babu lauya, daga kai sai kunnenka.

Don haka kowane gida ya canja ƙa'ida. Duk kiran da ya haɗa abu uku, wato gaggawa, da neman kuɗi, da “kar ka gaya wa kowa”, a kashe shi, a kira mutumin ta lambar da aka san shi da ita. In ba ta shiga ba, a kira abokin ɗakinsa, ko maƙwabci, ko ubangidansa a kasuwa. Iyali su zaɓi wata kalma ta sirri da za a tambaya a irin wannan hali, kuma baki da baki za a yanke ta, ba a zauren WhatsApp ba. Kada ta zama sunan uwa, ko na unguwa, ko na makaranta, duk waɗannan suna Facebook. Kafin a tura kuɗi a karanta sunan da ya fito a kan asusun, in baƙon suna ne a dakata. In kuwa an riga an tura, a kira banki nan take, kada a bari sai gari ya waye. Sannan lambobi shidan nan da WhatsApp ke turowa ta tes, ba a karanta wa kowa su, ko da muryar mahaifinka ce ta nema. Da su ake ƙwace asusu, kuma wanda ya ƙwace asusunka ya samu sunayen mutanenka da zaurukan da kake ciki. A shiga saituna a kunna tabbatarwa mai mataki biyu, aikin minti biyu ne. 'Yan kasuwa kuma, umarnin fitar da kaya ko kuɗi masu nauyi kada ya tsaya a saƙon murya ɗaya, a kira a tabbatar.

Ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Aya ta 6 a Suratul Hujurat ta umarce mu da neman tabbaci idan fasiƙi ya zo da labari, kuma garin da ke da hasumiyar Gobarau ya san darajar isnadi: wa ya faɗa, daga wa ya ji. Sai ga shi yau a turo naɗin minti ɗaya da muryar wani malami yana zagin wani, kafin la'asar ya zaga Funtuwa da Daura, ba wanda ya tambayi a wane masallaci aka yi, a wace rana, ina cikakken karatun.

Inda nake da tantama shi ne kotu. Kalmar sirri za ta tsare gida, amma ba za ta taimaki alƙali ba. Mace ta zo da saƙon murya, miji na cewa ya sake ta saki uku, shi kuma ya rantse bai faɗa ba. Da can sai a kunna, dangi su ce muryarsa ce, magana ta ƙare. Yanzu fa? Ga kuma ɗaya gefen, wanda ya fi muni: wanda aka naɗa da gaske yana karɓar cin hanci ko yana ƙulla makirci zai ɗaga kafaɗa ya ce na'ura ce. Manhajojin da ke iƙirarin gano jabu kuwa suna yawan kuskure da zarar naɗi ya bi ta hannu uku ya matse. Sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya tanadi sharuɗɗan karɓar shaidar da ta fito daga kwamfuta, amma an rubuta shi ne tun kafin a iya ƙera murya cikin minti biyu. Mafi ƙarancin abin da ya kamata alƙalanmu, na kotun majistare da na Shari'a, su fara nema shi ne a kawo ainihin wayar da saƙon ya fita daga cikinta da wadda ya shiga, a duba lamba da rana da lokaci, a kuma nemi shaida na biyu mai rai. Kwafin da aka tura wa wane, wane ya tura wa wane, bai isa a raba aure da shi ba.