Tsumman da Ya Zama Riga Mafi Tsufa a Duniya

Jama'a ku ji labarin rigar Tarkhan ta tsohuwar Masar. In ka gan ta, kamar tsumman goge-goge take, amma wallahi wannan rigar ta haura shekara 5,000, kuma ita ce ɗinkakkiyar riga ta saƙa mafi tsufa da aka taɓa samu.

A 1913 wani Bature masanin tono mai suna Flinders Petrie ya haƙo ta a maƙabartar Tarkhan, kudu da Alƙahira, cikin tarin tsummokara. Aka kwashe su aka kai Ingila aka ajiye, ba wanda ya waiwaye su sai 1977, lokacin ne masu gyaran kayan tarihi suka warware tarin suka ga ashe riga ce, mai wuya kamar V, hannuwa da ƙirji an yi musu ƙananan ninki a jere tsaf, irin aikin da ko telan yau sai ya natsu kafin ya fitar. Abin da ya fi taɓa min zuciya, akwai alamar lanƙwasa a gwiwar hannu da hammata, wato wani ya saka ta ya yi zirga-zirgarsa a cikinta, kuma a juye aka same ta, kamar yadda mutum ke tuɓe riga ya ajiye.

Yadin lilin ne. Mutanen Masar na da ba auduga suke sawa ba, wani tsiro suke nomawa a bakin kogin Nilu, a tumɓuke shi, a jiƙa, a bubbuga, a tsefe zaren, kusan yadda ake fitar da zaren rama, sai mata su zauna su kaɗa shi da mazari su saƙa. Lilin ba ya kama rini da sauƙi, shi ya sa fari ya yi yawa a kayansu, da kanwa suke wanki kuma, su shanya a rana ya ƙara haske.

To ina kala take shigowa? A kayan ado. Duwatsun wuya masu faɗi har kafaɗa, zinare, da wani shuɗin dutse da ake ɗaukowa tun daga Afganistan. Masu hali kan aske kai saboda zafi da ƙwarƙwata su ɗora gashin kanti na gashin mutum. Kwalli kuwa ba na mata kaɗai ba ne, maza ma rangaɗa shi suke, baƙi da kore.

Ko Tutankamun, sarkin Masar na da, da aka buɗe kabarinsa a 1922, kowa fuskar zinaren yake magana, alhali an samu bante sama da 100 a ciki, duk na lilin, har da safar hannu.

Rigar Tarkhan tana gidan tarihi na Petrie a Landan yanzu.