Sharhi: Gurbin karatun likita fiye da ɗaya a hannu, wanne za a riƙe, yaya za a saki sauran?

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum. Sharhinmu na yau kan wata matsala ce da dubban ɗalibai ke roƙon Allah ya jarrabe su da ita: a wayi gari makarantar koyon likita fiye da ɗaya ta ce wa yaro ko yarinya a zo. Ga suna ya fito a shafin JAMB, ga wasiƙa daga wata jami'a a Masar, ga kuma kawu ya ce ya gama magana da wata jami'a mai zaman kanta. Taura biyu dai ba ta taunuwa, kuma a daidai wannan gaɓa ce wasu ke yin biyu-babu.

Mu fara da gida. Tun 2017 hukumar JAMB ke tafiyar da ɗaukar ɗalibai ta tsarin CAPS, wato shafinta na intanet inda ake nuna wa ɗalibi gurbinsa ya amsa ko ya ƙi, kuma gurbi ɗaya tsarin ke nuna wa ɗalibi a lokaci guda, ko na jami'ar gwamnati ne ko na mai zaman kanta. Saboda haka duk wanda ke riƙe da takardun jami'o'in Najeriya biyu, ya sani ɗayar alkawari ce kawai, ba ta zama gurbi ba tukuna. Wanda ya yi karatu da gurbin da bai bi ta CAPS ba, ranar tafiya hidimar ƙasa zai gane kurensa, don sunansa ba zai fito a rajistar JAMB ba. Kuma kafin a danna komai, a karanta sunan kwas ɗin da kyau. MBBS, wato digirin likita, aka rubuta, ko an mayar da kai sashen nazarin sassan jiki, ko na yadda jiki ke aiki? Kwasa-kwasai ne masu daraja, amma ba sa fitar da likita. Maganar "ka shigo tukuna, baɗi za a mayar da kai" kuwa, in ba a rubuce take cikin ƙa'idar jami'ar ba, kada a ɗora rayuwar yaro a kanta.

Tambaya ta gaba ta fi sunan jami'a da kyan gine-ginenta muhimmanci: shin hukumar MDCN, wadda ke ba likitoci lasisin aiki a Najeriya, ta amince da wannan makaranta? Amincewar hukumar jami'o'i ta NUC dabam, ta MDCN dabam, kuma duka biyun ake buƙata. MDCN tana fitar da jerin makarantun da ta amince da su, tare da adadin ɗaliban da ta yarje wa kowacce ta horar. Wannan adadi shi ne wurin da iyaye ba sa dubawa. A wasu makarantun akan cika aji na farko maƙil, fiye da abin da aka yarje, sannan a tankaɗe a ƙarshen shekara, waɗanda suka zube a watsa su wasu sassan. To ka je ka tambayi ɗaliban aji uku da na huɗu, ba ofishin talla ba: ku nawa kuka fara, ku nawa kuka haye aji biyu, kuma an yi muku rajista da MDCN? Idan sabuwar makaranta ce, ka tambayi matakin amincewar da ta kai, domin izinin fara koyarwa a aji bai kai izinin horarwa a asibiti ba, kuma akwai ɗaliban da kan maƙale a tsakani suna jiran a zo a duba makarantarsu.

Sai asibiti. Karatun shekara shida ne, kuma kusan rabinsa a gefen gadon majinyaci ake yin sa. Jami'ar Ahmadu Bello tana da asibitinta a Shika, ta Bayero tana da na Malam Aminu Kano, ta Usmanu Ɗanfodiyo da ta Maiduguri kowacce da nata. Cunkoson da majinyata ke kuka da shi a irin waɗannan wurare, ga ɗalibi makaranta ce: zai ga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, da sikila, da jijjigar masu ciki, har su zauna masa a ka. Jami'ar da ke aron asibiti mai nisa, ko mai gadaje ƙalilan, ko da ɗakunan kwananta na da na'urar sanyaya ɗaki, a yi mata tambayoyi da yawa. Ba za mu ɓoye aibin jami'o'in gwamnati ba: yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU na 2022 wata takwas ya ci, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Amma ɓata wata takwas da ɓata shekara shida ba ɗaya ba ne.

Gurbin waje kuma yana da nasa lissafin. A duba sunan makarantar a kundin makarantun likita na duniya da ke intanet. A kuma sani cewa duk wanda ya karanto likita a waje, sai ya ci jarrabawar tantancewa ta MDCN kafin ya taɓa majinyaci a Najeriya, kuma jarrabawa ce da ake faɗuwa. A Masar ana iya yin lacca da Turanci, amma majinyacin da za ka tambaya ina ke maka ciwo, da Larabci zai amsa. Ga kuma abin da ba a fata. Yaƙin Yukren a 2022 da na Sudan da ya ɓarke a Afrilun 2023 sun dawo da ɗalibanmu da yawa gida a tsakiyar karatu, har MDCN ta ce ba za ta karɓi karatun likita da aka ƙarasa ta intanet ba. Kuɗin ma a lissafa na shekara shida ne, da dala, ba na shekarar farko ba. Uban da ya yi lissafinsa a farkon 2023, lokacin da dala ba ta kai naira 500 a farashin gwamnati ba, kafin shekara ta zagayo ya tarar ta haura naira 1,000. Idan tallafin gwamnatin jiha ne, a nemi takardar da ta fayyace me za a biya, har zuwa wane aji, da shekarun da za a yi wa jihar aiki bayan an gama.

To an zaɓa. Yanzu sai tsarin sakin sauran, kuma jerin matakan ne ke da muhimmanci. Ba a zubar da ruwan tulu don an ga hadari. Ka fara kammala naka: ka amsa a CAPS, ka buga takardar shaidar gurbi ta JAMB, ka biya kuɗin amsa gurbi, ka wuce tantance takardu a jami'a. In waje za ka, ka bari biza ta fito. A lura, amsawa a CAPS ba a warware ta cikin sauƙi, tana rufe ƙofar sauran jami'o'in gida. Ƙin amsawa kuma yana mayar da kai kasuwa ne, babu tabbacin wani zai sake tayawa. Shiru ma ba mafita ba ce, don akwai wa'adi na 'yan makonni. Kuma kada ka bar wa mai shagon intanet lambar sirrinka ya danna maka.

Da zarar naka ya tabbata, ka saki sauran a cikin kwana biyu ko uku. Gurbin likita ƙidayayye ne. Wanda ka riƙe ba ka buƙata, akwai ɗan wani da ke kwana yana duba waya saboda shi. A Amurka ƙa'ida ce a rubuce: zuwa 15 ga Afrilu ɗalibi ya rage tayin da ke hannunsa zuwa uku, zuwa 30 ga Afrilu ya rage zuwa ɗaya. A Ingila kuwa biyu kawai ake bari ka riƙe, na ainihi da na ko-ta-kwana. Mu nan, bayan CAPS, abin ya rage ga kunyar mutum.

Wasiƙar gajeriya ce, layi biyar ko shida sun isa, a aika wa magatakarda ko ofishin ɗaukar ɗalibai, daga adireshin imel ɗin da aka nemi gurbin da shi. A sa cikakken suna, da lambar neman gurbi, da kwas, da ranar da aka yi tayin. Ga yadda ma'anarta za ta kasance, ko da wane harshe aka rubuta: "Ina godiya da gurbin da kuka ba ni. Bayan shawara da iyayena, na yanke ba zan karɓa ba, ina roƙon ku ba wani. Don Allah ku tabbatar mini a rubuce cewa kun samu wannan saƙo." Ba dole ka faɗi inda za ka ba, kada ka kushe makarantar, kada kuma ka ƙirƙiro rashin lafiya ko rasuwa don neman uzuri. Fagen likitanci ƙarami ne. Farfesan da ka yi wa ƙarya bana, shi za ka iya tararwa yana yi maka jarrabawar ƙwarewa nan da shekara goma.

Wanda ya yi maka hanya kuwa, kawu ne ko malaminka, ba a sanar da shi ta saƙon waya, kuma bai kamata ya ji a bakin wani ba. A je gida da mahaifi ko wani babba, a yi godiya, a faɗi dalili, kafin wasiƙar ta tafi. Hukumar tallafin karatu ma a rubuta mata, don a ba na bayanka.

Kuɗin amsa gurbi galibi ba ya dawowa, amma na makaranta da na masauki, in an riga an biya, a duba ƙa'idar mayarwa, don yawanci tana raguwa ne gwargwadon jinkiri. Idan dillali ne ya nemo gurbin waje, ka rubuta wa jami'ar da kanka, kada ka dogara da cewa zai isar, domin shi a shigarka yake samun ladansa. Kuma tun kafin ka gaya masa ka fasa, ka karɓo fasfonka da ainihin takardunka na WAEC ko NECO daga hannunsa, ka ƙirga su a gabansa.